Naman Kaza Ko Ƙudan Zuma: Wanne Ya Dace Da Mai Ƙaramin Jari?



Duk wanda ya taɓa kiwon buroila ko tarwaɗa ya san inda kuɗi ke tafiya. Abinci ne. A kiwon kaji, kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da kake kashewa buhun abinci ke cinye shi. Shi ya sa da zarar masara da waken soya sun yi tsada, sai ka ji kowa na tambaya: shin babu wani kiwon da ba ya cin buhu?

Akwai. Yau biyu daga ciki zan ɗauko in jera su gefe da gefe. Dukansu 'yan daji ne, dukansu ba sa cin masara, kuma dukansu ana ta tallarsu a bidiyo kamar kuɗi ne ajiye a bakin hanya. Na farko naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi. Na biyu ƙudan zumarmu na nan Yammacin Afirka. Kuma tun kafin wani ya tambaya, naman kaza bai haɗa komai da kaza ba sai suna.

WANE NAMAN KAZAN?

Dole mu tantance, domin iri-iri ne, kuma wasu guba ne.

Wanda mutanen karkara suka fi sani shi ne mai fitowa kusa da suri bayan ruwa ya zauna. Masana na kiran danginsa Termitomyces. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta: tana tara masa tauna-taunar itace da ganye, shi kuma yana narkar mata da su ta ci. A wannan dangin akwai wani da ake samu a Zambiya wanda faɗin laimarsa kan kai kusan mita 1. Yana da daɗi, amma har yau ba a kai ga noma shi don kasuwa ba, tunda ba ya rayuwa sai da garar. Don haka idan wani ya ce zai sayar maka da irin naman kazan suri, riƙe kuɗinka.

Wanda ake nomawa, wanda kuma nake magana a kai, shi ne Pleurotus, 'yan kasuwa na ce masa oista. A dawa yana fitowa ne a jikin mataccen icce, jere-jere kamar kunnuwa, a inda akwai inuwa da danshi. Aikinsa cin ruɓaɓɓen itace. Da mutane suka gane haka sai suka ce, to, mu kawo masa itacen gida mana. Garin katako, tattakar shinkafa, totuwar masara, sharar auduga, duk yana ci.

WANE ƘUDAN?

Namu sunansa a littafi Apis mellifera adansonii. An sa masa sunan wani Bafaranshe masanin halittu, Michel Adanson, wanda ya zauna a Senegal yana bincike a tsakiyar ƙarni na 18. Shi ne dai wanda kakanninmu ke rataya wa amya a kan ɗorawa ko tsamiya, kuma shi ne wanda ake tararwa a kogon kuka.

Halinsa ya bambanta da na ƙudan Turai da kuke gani a bidiyo ana buɗe akwatinsa da hannu tsirara. Namu mai faɗa ne. Yana fitowa da yawa, yana bin mutum da nisa. Sannan yana da saurin ƙaura: idan abinci ya yanke, ko ruwa ya ƙare, ko an dame shi, sai ya tattara ya bar maka akwati fayau. Amma ta wani gefen jarumi ne, yana jure zafinmu, kuma ba sai ka saye shi ba. Da kansa yake zuwa.

Babban bambancin ke nan, kuma duk sauran daga nan suka taso. Naman kaza za ka iya raba shi da daji gaba ɗaya, amma fa sai ka gina masa dajin a cikin ɗaki, ka riƙa kula da shi kullum. Ƙudan zuma ba ya rabuwa da daji. Gida kawai kake ba shi, ya ga dama ya zauna, ya ga dama ya tafi.

ABIN DA KOWANNE KE NEMA A WAJENKA

A taƙaice ga yadda noman oista yake. Ka sami garin katako na icce mai ƙarfi wanda ba a sa wa magani ba, ka haɗa da 'yar dusar shinkafa ko ta alkama da ɗan garin farar ƙasa. Ka jiƙa shi daidai yadda idan ka matse a hannu zai dunƙule, ruwa ba zai zubo ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. Ka cusa a leda mai jure zafi, ka turara a ganga na wasu sa'o'i don kashe ƙwayoyin da za su yi gasa da shi. Idan tattakar shinkafa ce, ana yayyanka ta a jiƙa a ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 80 na awa ɗaya zuwa biyu. Bayan ya huce sarai sai a zuba iri. Irin nan ba tsaba ba ne irin na hatsi. Farin zaren naman kazan ne da aka raina a kan dafaffiyar dawa a cikin kwalba, kuma daga ɗakin gwaji ake sayo shi. A Najeriya cibiyoyi irin su FIIRO da ke Oshodi a Legas da cibiyar binciken gandun daji ta FRIN da ke Ibadan sun daɗe suna aiki a kan naman kaza, haka ma cibiyar binciken abinci ta CSIR da ke Akara a Ghana.

Daga nan sai a jera ledojin a wuri mai duhu mako 3 zuwa 4 har farin zaren ya mamaye su. Sai a kai su ɗaki mai iska da ɗan haske, a buɗe bakinsu, a riƙa fesa ruwa. Cikin 'yan kwanaki za ka ga sun fara tsirowa. Leda ɗaya kan ba da girbi sau 3 zuwa 4 kafin ƙarfinta ya ƙare.

A baki da sauƙi. Wahalar tana ga abu biyu: tsafta da yanayi. Idan turarin bai yi ba, ko hannunka ba shi da tsafta lokacin zuba iri, wani koren funfuna mai suna Trichoderma zai riga shi cinye ledar, kuma yana yaɗuwa daga leda zuwa leda. Wanda ya taɓa ganin yadda cuta ke bin ɗakin 'yan tsaki ya gane abin da nake nufi.

Yanayi kuwa, oista na son danshin iska kashi 80 zuwa 90 cikin 100, da zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30 gwargwadon nau'in. Yanzu ka tuna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi ya haura 40. Ka tuna hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa saboda bushewar iska. A irin waɗannan watannin kai da ruwa za ku yi ta kokawa, fesawa sau uku sau huɗu a rana, jiƙa buhunan algarara a bango, zuba yashi mai danshi a ƙasa. Mutumin Jos ko Mambila yanayi na taya shi. Mutumin Arewa mai nisa kuwa damina ce lokacinsa, kuma ya nemi nau'in da ke jure zafi kamar Pleurotus pulmonarius.

Shi ƙudan zuma ba ya neman ka kullum. Abin da yake nema wuri ne. Yana kiwo a kewayen kilomita 2 zuwa 3 daga gidansa, don haka abin dubawa ba girman filinka ba ne, abin da ke tsaye a kewayen ne. Akwai ɗorawa? Akwai kaɗanya, mangwaro, darbejiya, gawo? Ana noma riɗi, wake, kankana? Akwai ruwa kusa a lokacin rani? Idan amsar e ce, ka sami gona kyauta mai faɗin da ba za ka iya saya ba.

Gidan da na fi ba mai farawa shawara shi ne akwatin Kenya mai sanduna a sama, wanda aka inganta da haɗin gwiwar masana na jami'ar Guelph ta Kanada wajen shekarun 1970. Kowane kafinta zai iya yi, amma abu ɗaya ne ba a wasa da shi: faɗin kowace sanda ya zama milimita 32. Wannan shi ne ma'aunin da ƙudanmu ke gina saƙa ɗaya a kan sanda ɗaya. Idan kafinta ya ƙara ko ya rage, za su gina saƙa a karkace su haɗe sandunan, ranar girbi ka sha wuya. Ka shafa kakin zuma a ƙasan sandunan don janyo su. Wasu kan goga ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami a ciki, domin ƙamshinta ya yi kama da wanda ƙudan ke fitarwa idan suna kiran 'yan uwansu. Ka ɗora akwatin a kan ƙafafu a inuwa, ka tsoma ƙafafun a gwangwani mai baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa, ka share ciyawar kewaye saboda gobarar daji.

Fifikon akwatin a kan amya shi ne kana iya ɗaga sanda ɗaya-ɗaya, ka ɗebi saƙar da ta nuna, ka bar ta 'ya'ya da sarauniya. A tsohuwar hanya da ake ɗiba da wuta, sau da yawa ana ƙona ƙudan, zumar ta yi warin hayaƙi, badi kuma a koma jiran sabon zuwa.

WANNE YA FI SAURIN KAWO KUƊI?

Nan naman kaza ya yi gaba. Daga zuba iri zuwa girbin farko wata ɗaya ne da 'yan kwanaki, kusan daidai da zagayen buroila. Zuma kuwa sai an yi haƙuri. Za ka iya ajiye akwati ya yi watanni babu wanda ya shiga, kuma ba lallai ne duk akwatunan su cika ba. Bayan sun shiga, shekarar farko yawanci ta ginin gida ce. A yankinmu na savana babban girbi kan zo ne wajen ƙarshen rani zuwa bazara, bayan itatuwa irin su kaɗanya da ɗorawa da mangwaro sun yi fure. Wanda ya ci bashi da alkawarin biya bayan wata uku, kada ya dogara da zuma.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Saurin girbi daban, saurin kuɗi daban.

RANAR DA KAYA SUKA ZO HANNU

Nan ne nake so mu tsaya sosai, domin a karatun kasuwancin noma da na yi, abin da aka fi nanata mana shi ne kaya ba su zama kuɗi sai sun bar hannunka.

Ɗanyen oista kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne. Idan ka tsinke shi da safe a zafinmu, zuwa gobe ya fara yaushi. A firij zai iya kai kamar mako ɗaya, in akwai wuta. Kuma ba ya jira: idan ya isa tsinka, dole ka tsinka, ko da mai saye ko babu. Buroila idan kasuwa ta faɗi kana iya riƙe ta mako guda kana cizon yatsa kan abinci. Tarwaɗa kana iya barinta a kwami ko ka banda ta. Naman kaza mafitarsa ɗaya ce, busarwa, kuma kilo 10 na ɗanye kan koma kusan kilo 1.

Sai tambaya ta biyu: wa zai saya? Mu faɗa wa juna gaskiya. A yawancin gidajen Hausawa ba a saba sa shi a miya ba, wasu ma ƙyamarsa suke, suna ganin abin juji ne ko guba. A Kudu abin ya bambanta, Yarbawa da Ibo sun daɗe suna ci, har akwai wani ɗan uwan oista, Pleurotus tuber-regium, da ake niƙa dunƙulensa a haɗa da agushi. A Arewa masu sayenka su ne otal-otal, manyan kantuna, gidajen abinci na 'yan ƙasashen waje, 'yan Kudu mazauna birane, da masu rage cin nama saboda lafiya. Kasuwa ce mai biya da kyau, amma siririya ce, kuma tana Abuja, Kaduna, Jos, Kano, ba a kasuwar ƙauye ba. Idan za ka tallata shi, kada ka ce ya maye gurbin nama. Ɗanyensa giram 100 na ɗauke da furotin kamar giram 3 ne, na kaza ya haura 20. Abinci ne mai kyau, ka sayar da shi a matsayinsa.

Zuma kuwa ba ta buƙatar gabatarwa. Kowane gida ya san ta, ana sha, ana magani da ita, kuma darajarta a wajen Musulmi sananniya ce, ga sura guda a Alƙur'ani mai sunan ƙudan zuma. Idan ka ɗebi wadda ta nuna, wato saƙar da ƙudan suka rufe da kaki, ruwanta bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, ka tace ba tare da dafawa ba, ka rufe a mazubi mai tsafta, za ta shekara da shekaru ba ta lalace ba. Ba firij, ba wuta. Kai ne mai zaɓar ranar sayarwa. Wadda ba ta nuna ba ce ke tsami ta yi kumfa.

Matsalar kasuwar zuma ba rashin mai saye ba ce, rashin yarda ce. An cika ta da dafaffen sukari har mutane sun daina amincewa da kowa. Wannan ga mai gaskiya dama ce. Wanda mutane suka san akwatunansa, suka ga saƙar da idonsu, ba ya neman kwastoma. Idan kuma kana son shiga manyan kantuna da kwalba mai tambari, sai ka nemi rajistar NAFDAC. Kada ka zubar da kakin ma, ana yin man shafawa da kyandir da man takalmi da shi, kuma shi ne abin janyo ƙuda zuwa sabon akwati.

Akwai wata ribar da ba ta shiga kwalba. Ƙudan na barbarar fure. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2017 ya nuna riɗi da auduga sun fi yabanya sosai inda ƙudan zuma ke kai wa furensu ziyara. Mai gonar riɗi da ya ajiye akwati a gefe yana cin riba biyu.

HATSARIN DA BA A FAƊA A BIDIYO

Ba a shan zuma sai an sha harbi, amma harbin ƙudanmu ba abin karin magana kawai ba ne. Taronsu na iya kashe kajin da ke kulle ko akuyar da ke ɗaure, domin ba su da hanyar gudu, kuma yana iya kashe mutum. Akwai mutanen da harbi ɗaya ke sa jikinsu ya kumbura numfashi ya toshe. Wannan asibiti ne nan take, ba jira. Don haka kada ka ajiye akwati a cikin unguwa, ko kusa da makaranta, hanya, ko ɗakin kajinka. Ka sayi rigar kariya da safar hannu da abin hura hayaƙi kafin ka sayi akwati na biyu, ka riƙa buɗewa da yamma lis. Sannan a tuna, ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma.

Hatsarin naman kaza kuma yana ga na daji. Akwai masu guba da ke kama da na ci sak. Wani mai suna Chlorophyllum molybdites yana fitowa a filin ciyawa da damina, fari tas mai kyan gani, amma ƙasan laimarsa kan koma kore-kore idan ya manyanta, yana sa amai da gudawa mai tsanani. Wasu na dangin Amanita hanta suke lalatawa, kuma dafuwa ba ta kashe gubarsu. Zancen cewa idan ƙwari ko dabba sun ci to ba guba, ko cewa cokali zai canza launi, duk ba gaskiya ba ne. Kada ka tsinto na daji ka haɗa da naka don cika kilo. Mai aiki a ɗakin oista kuma ya riƙa sa takunkumi, domin yana fitar da wata ƙura mai laushi da ke sa wasu tari da ciwon ƙirji idan sun daɗe suna shaƙa.

IDAN KANA DA KAJI KO KIFI A HANNU

Mai kifi yana da abin da naman kaza ya fi so, wato ruwa, musamman in akwai rijiyar burtsatse. Amma ruwa mai tsafta za ka fesa, ba wanda ka sako daga kwami ba. Mai kaji kuma ya riga ya san inda ake samun garin katako, ya kuma saba da dokar tsafta. Sai dai kada ɗakin naman kaza ya jingina da na kaji, ƙura da ƙudaje da funfuna za su tsallaka. Kada kuma ka ɗebi shimfiɗar da kaji suka yi kashi a kai ka cusa a leda. Ledojin da suka gama aiki taki ne mai kyau ga lambu.

Ta ɓangaren ƙudan zuma, abu uku za ka lura. Da rani idan fure ya yi ƙaranci suna zuwa kan dusa da garin abincin kaji suna kwasa, don haka ka rufe ma'ajiyarka. Suna zuwa shan ruwa a kwamin kifi su nutse, gara ka ajiye musu nasu kusa da akwati, ka jefa 'yan tsakuwa ko karare su sami wurin tsayawa. Na uku, maganin ƙwari, naka da na maƙwabta. Feshin wake ko kankana lokacin fure da rana tsaka yana iya gamawa da gida guda. Ka yi magana da maƙwabtanka su riƙa feshi da yamma bayan ƙudan sun koma.

TO, WANNE?

A nawa ganin, amsar tana ga inda kake zaune, ba ga wanda ya fi tashe ba.

Idan kana cikin birni ko gefensa, ba ka da fili sai ɗaki guda, kana da ruwa, kana gida kullum ko akwai mai kula, to oista na iya yi maka. Matan aure da ke neman sana'ar cikin gida ma za su iya. Amma sharaɗina ɗaya ne: ka nemi mai saye kafin ka nemi iri. Ka taka ka je otal uku, kanti biyu, ka tambaya kilo nawa suke karɓa a mako, nawa suke biya, yaushe suke biya. Ka fara da leda kaɗan da damina, zai fi ma ka sayi ledojin da aka riga aka zuba wa iri, ka koyi kula da sayarwa tukuna kafin ka shiga turara ganga.

Idan kuwa kana ƙauye, ko kana da gona nesa da gidaje inda itatuwa ke tsaye, kuma kana da wani abin da ke ciyar da kai kafin shekara ta zagayo, to zuma ta fi maka. Nan ma sharaɗi ɗaya: ka nemi fure da ruwa kafin ka nemi kafinta. Ka zagaya ka ƙirga itatuwan. Ka sami dattijon da ya daɗe yana rataya amya a yankin, ka gaishe shi da girmamawa ka tambaye shi watan da ƙuda ke shiga da watan ɗiba. Kalandar da ke kansa ta fi ta kowane littafi dacewa da garinku. Ka fara da akwati 3 zuwa 5, ba ɗaya ba, saboda idan wani bai cika ba wani zai cika.

Wani zai ce, me zai hana in haɗa duka, tunda naman kaza na damina ne, girbin zuma na bazara? Lissafin ya yi, kuma nan gaba za ka iya kaiwa can. Amma ba a tauna taura biyu, balle ga mai kaji ko kifi a hannu tuni. Ka ɗauki ɗaya, ka yi masa shekara guda kana rubuta duk naira da ta fita da wadda ta shigo, har da kuɗin mota da na ruwa da na itacen turari. Littafin nan ne zai gaya maka ko ka ƙara ko ka tsaya.

Waɗanda suka taɓa gwada ɗaya daga cikinsu, ku faɗa mana garinku da yadda ta kaya, domin masu shirin farawa su amfana. Allah ya sa albarka a nema.